Kuɗin ruwa da na wuta na cinye riba, ta ina za a fara?

Mai ruwan leda: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ƙaramar masana'anta ce a nan Damagaram, injin tace ruwa ɗaya, na liƙe leda biyu. Kuɗin ruwa da na NIGELEC, kamfanin wuta, sai hawa suke, kaya kuma bai ƙaru ba. Me za a fara gyarawa?

Makaniki: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada a sayi komai tukuna, a fara da awo. Buhu ɗaya leda 20 ne, kowace rabin lita, lita 10 ke nan. A raba ruwan da ya shigo a yini da yawan buhunan da suka fita, a rubuta a allo kullum inda ma'aikata ke gani. In buhu na cin lita 30, to lita 20 sun bi wata hanya. Sannan da an tashi aiki a rufe famfuna, a rubuta lambar mitar ruwa, da asuba a sake dubawa. In ta motsa, akwai yoyo, ko kuma tankin sama na ambaliya da dare don abin da ke tsayar da ruwa in ya cika ya lalace.

Hajiya mai man gyaɗa: Wannan na tanki gaskiya ne. Jiƙaƙƙen bango ke tona shi.

Mai haɗa injin tacewa: Babbar asarar tana bututun da injin ke zubar da ruwan da bai tace ba. A ƙananan injuna yakan kai rabin abin da ya shiga. A tara shi a tanki daban don wankin ƙasa da ban ɗaki. Gishirinsa ya yi yawa, ban da sha, ban da tukunyar tururi. Kuma kada a matse bututun fiye da ƙima don rage zuba, gishiri zai toshe matatar, a koma sayen sabuwa. Matatar farko mai mikiron 5 (ma'aunin ƙanƙantar hudojinta) kuwa, a canza ta da zarar matsi ya faɗi.

Majemi: Mu kwarya uku ake jerawa wajen ɗauraya. Sabon ruwa na ta ƙarshe, in ya yi datti ya koma ta tsakiya, daga nan ta farko.

Wani: Ku sa sola kawai ku huta.

Makaniki: Malam, sola ba ta toshe yoyo. In akwai kwamfuresa, wato injin matsa iska, huda mai milimita 3 a matsin bar 7 (bar ma'aunin matsi ne) na cin wajen kilowat 3 a banza. A shafa ruwan sabulu a mahaɗa, kumfa zai nuna wurin. Rage matsi da bar 1 na rage wuta kusan kashi 7 cikin ɗari.

Wani: Ai da rana ake aikin, me ya hana a sa sola?

Hajiya mai man gyaɗa: A bar musun nan. Lokacin hunturu ƙura na toshe bayan firiza, a kakkaɓe duk mako.

Mai ruwan leda: Na gode. Majemi, ruwan toka ma ana maimaita shi, ko na ɗauraya kaɗai?