Taƙaitawa: lissafin nauyin kaya a kargon jirgin sama

Jama'a, muhawarar da ake yi kan yadda ake lissafin nauyin kaya a kargon jirgin sama ta yi tsawo, ga abin da na tsinto daga bakin masu sauke kaya daga Guangzhou ta ƙasar China da Dubai.

1. Kowa ya yarda cewa tsakanin abin da sikeli ya nuna da nauyin girman kwali, wanda ya fi yawa shi ake biya. Shi ya sa filo da jakunkunan mata suke cin kuɗi, alhali ba su da wani nauyi.

2. Lissafin nauyin girman kwali: tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 6000, ƙa'idar IATA ke nan, wato ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya. Kwali mai 60 da 50 da 40 ya ba da 120,000, wato kilo 20. Ko da kilo 12 ya hau a sikeli, kuɗin 20 za ka biya.

3. DHL da 5000 suke rabawa, sai kwalin nan ya koma kilo 24. Tambayi ejan ɗinka da wanne yake aiki tun kafin kaya su bar shago.

4. A yi awo bayan an ɗaure kwali, daga inda ya fi kumbura.

Inda aka rabu shi ne takalma. Wasu sun ce a zubar da kwalayensu a cusa a buhu, kuɗi ya ragu sosai. Wasu suka ce takalmin da ya lotse, ba kwali, mai saye raina shi yake yi. A ganina, na masu tsada a bar musu kwalinsu, na arha kuwa a buhu.