Sanyi yana cinye min cajin mota, don Allah ku ba ni shawara

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, raina ne a jagule. Wata bakwai ke nan da na sayi mota mai lantarki, ta hannu ce, shekararta huɗu. Kafin in saya sai da muka shafe kusan wata biyu muna kai ruwa rana da maigidana. Shi yana cewa in riƙe tsohuwar mai fetur tunda ba ta taɓa ajiye ni a hanya ba, ni kuma na gaji da zaryar garejin makanike, yau juyen mai, gobe salansa, jibi wani abu daban. Yayata ma bayansa ta goya, har ta kira ni ta ce ina da kafiya. Ƙarshe ya ce in yi abin da na ga ya fi, amma kada in dawo ina kuka. Na sayar da tsohuwar, na haɗa da abin da na tara, na saya. Duk lokacin zafi ban ga komai ba sai alheri, in ta cika tana nuna min kilomita 330, har shi da kansa ya fara aronta ranar Asabar.

Yanzu hunturu ya kankama, komai ya juye. In ta cika da ƙyar take nuna 210. Wurin aikina kilomita 45 ne, zuwa da dawowa 90. A waje take kwana, don a hawa na uku muke, babu gareji. Ina caji ne da asuba a caja mai sauri da ke kusa da mu. Da rabin awa ya ishe ni, yanzu sai in yi fiye da awa a zaune, allon yana nuna ƙarfin cajin kilowat 18 kacal. Ranar Talata da kashi 6 cikin ɗari na iso gida, yara a baya, na kashe hita suna rawar sanyi. Ban faɗa wa babansu ba har yau. Batirin ne ya mutu? Cutata aka yi? Kuma yaya ake yi a ɗumama shi?

Direban Dare:
Wa alaikumus salam. Hajiya sannu, Allah ya kawo sauƙi. Ni ma tawa haka take yi duk hunturu, bazara na zuwa take dawowa daidai. Kada ki tayar da hankalinki.

Injiniya:
Maman Biyu, kin ba mu labarin maigida da na yaya, amma abin da ake buƙata ba ki faɗa ba. Sanyin digiri nawa ne a wurinku da asuba? Wane irin batirin litiyam ne cikin manyan nau'o'in nan biyu, LFP ko NMC? Hitar motar wace iri ce? Duk da haka zan gaya miki abin da ke faruwa, don alamomin a fili suke.

Batirinki bai mutu ba. Batirin litiyam yana da wani ruwa a ciki wanda ƙwayoyin litiyam ke ratsawa daga wannan ɓangare zuwa wancan. In sanyi ya kama shi sai ruwan ya yi nauyi, ƙwayoyin su riƙa tafiyar hawainiya. Wutar tana nan, fitar da ita ne ya yi wuya, shigar da ita kuma ya fi wuya. In aka ɗura wa batir mai sanyi wuta da ƙarfi, musamman ƙasa da sifili, litiyam ɗin ba ya samun shiga inda ya kamata, sai ya daskare a saman kamar tsatsa, kuma wannan ɓarnar ba ta gyaruwa. Shi ya sa kwamfutar motar take rage cajin da gangan. Kilowat 18 da kike gani, motar ce take kare kanta.

Kuskurenki ɗaya ne: lokacin da kike caji. Motar ta kwana a waje awa goma ko fiye, batirin ya yi sanyi har ciki, kin tuƙa minti biyar kin soka mata caja. Minti biyar ba ya ɗumama abu mai nauyin kilo ɗari uku ko huɗu. Ki koma caji da yamma, kina dawowa daga aiki, bayan kin yi kilomita 45 ɗin nan batirin yana da ɗumi. Kuma ki riƙa saka cajar a taswirar motar a matsayin inda za ki, ba a taswirar wayarki ba. Motoci da yawa in sun san caja za a je, sai su fara ɗumama batirin tun a hanya.

Maman Biyu:
Na gode Malam Injiniya. Sanyin yana kai 12 ƙasa da sifili. Sauran tambayoyin wallahi ban sani ba, wanda ya sayar min bai ce komai ba. Amma maganar yamma ba za ta yiwu ba. Ƙarfe biyar da rabi nake ɗauko yara daga wurin raino, in na makara sai an yi min magana. Ba zan zaunar da yara biyu a mota cikin duhu ina jiran caji ba. Asubar ce kaɗai lokacin da nake da shi, babansu yana gida.

Injiniya:
Hajiya, minti ashirin da biyar da yamma ko awa ɗaya da kwata da asuba, wanne ya fi? Kuma a jikin caja za ki iya kunna hita yadda kike so, yaran ba za su ji sanyi ba.

Uwar Gida:
Ƙanwata, ni abin da ya tsaya min a rai shi ne maganar rashin wurin caji a gida. Mu shekara biyu muna roƙon mai gidan da muke haya ya sa mana ko soket ɗaya a wurin ajiye motoci. Mun rubuta takarda, mu shida muka sa hannu, muka ce mu za mu biya kuɗin aikin. Ya ce zai duba. Da muka matsa sai ya ce wayoyin ginin tsofaffi ne. Amma da ya tashi sa fitilu a harabar gida, cikin mako guda aka gama. Maƙwabciyata har ta tashi saboda wannan. Masu gidajen kansu ba su san wahalar da muke sha ba, sai su yi ta cewa a bar mota a jone da dare, a jone da me?

Ɗan Autan Zaure:
Anti ki sayi doguwar waya ki zuro ta taga kawai. Wani abokina haka yake yi. Ko ki samu babban bargo irin na rufe mota ki lulluɓe ta, har ƙasa.

Injiniya:
Kada ki kuskura. Waya daga hawa na uku, cikin dusar ƙanƙara, tana ɗauke da wuta awa takwas ba hutawa, gobara ake nema. Littafin kusan kowace mota ya hana amfani da wayar ƙari. Kuma soket na gida bai wuce kilowat biyu da 'yan kai ba, a ƙasashen da wutarsu bolt 120 ce ma bai kai ɗaya da rabi ba. A irin wannan sanyin kaso mai yawa na wutar zai tafi ne wajen ɗumama batirin. Bargo kuwa ba ya ƙirƙirar zafi, wanda yake akwai yake tsarewa, kuma batirin a ƙarƙashin mota yake inda iska ke bi.

Ɗan Autan Zaure:
To Yaya, ai abokin nawa shekara biyu yana yi babu abin da ya faru.

Direban Dare:
Ni dai shawarata ki riƙa cika ta ɗari bisa ɗari duk lokacin sanyi. Maganar da ake yi cewa a riƙa tsayar da caji a kashi 80 don kare batir ta masu gareji ce. Gara batir ya ɗan tsufa da ki tsaya a titi da yara. Abin da ya taɓa ajiye ni ma ba babban batirin ba ne, ƙaramin nan ne mai bolt 12. Motar tana da kashi 70 amma ko ƙofa ta ƙi buɗewa, ƙarfe uku na dare, na gama aiki. Na kira masu janwe suka ce sai bayan awa biyu. Na tsaya a wata baranda har yatsuna suka daina ji. Wata uku kafin nan na kai ta sabis, aka ce an duba komai, ashe ko kallon ƙaramin batirin ba su yi ba. Da na koma na yi magana sai suka ce ba ya cikin abin da ake dubawa. Motarki shekara huɗu, in ba a taɓa canja shi ba ki je a auna.

Injiniya:
Maganar ƙaramin batir gaskiya ce, a auna shi. Amma ta cikawa ɗari kullum ban yarda ba, sai an san irin batirin. In LFP ne, masu ƙera motocin da kansu suna cewa a riƙa cika shi lokaci-lokaci don ma'aunin cajin ya daidaita, sai dai shi ya fi jin sanyi. In NMC ne, barinsa a cike kullum yana rage masa kwana. Kuma a caja mai sauri daga 80 zuwa 100 ne cajin ya fi ja, ita da take kukan lokaci kake ƙara mata wani rabin awa.

Maman Biyu, yawancin kilomitocin da kike asara hita ce ke cinye su. Motar fetur zafin inji take ba ki kyauta, wannan kuwa kowane ɗumi daga batir yake fita. A 2019 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada motoci biyar a sanyin kusan digiri 7 ƙasa da sifili. Ba tare da hita ba nisan tafiya ya ragu da kashi 12, da aka kunna hita ya ragu da kashi 41. Daga 330 zuwa 210 da kika faɗa, ai kusan lissafin ke nan. Tsohuwar hita mai waya tana iya jan kilowat biyar ko shida lokacin da take ɗumama mota mai sanyi. Sabuwar irin, mai aiki kamar firji a juye tana jawo zafi daga waje, ta fi ta sauƙin ci sosai. Hitar kujera da ta sitiyari kuwa ba su ci komai ba in aka kwatanta. Ki rage hitar cikin motar zuwa digiri 18 ko 19, ki kunna ta kujera. Ki duba iskar taya, sanyi yana rage ta. Ki rage gudu a babbar hanya, iskar hunturu ta fi kauri.

Maman Biyu:
Kujerun baya ba su da hita, kuma yaran ne a baya. Ƙaramar tana da asma, ba zan rage zafi ba. Ranar Talatar ma har yanzu ina jin zafin abin da na yi. Gudu kuma ba na yi, kowa ya san ni. Sannan akwai abin da ban faɗa ba, da safe in na ɗaga ƙafa daga totur motar ba ta rage gudu da kanta kamar da, sai na taka birki. Wannan ma ba lalacewa ba ce?

Injiniya:
Ba lalacewa ba ce. Wannan rage gudun wuta yake mayarwa cikin batir, batir mai sanyi kuma ba ya karɓa, sai motar ta dakatar da shi har ya ɗumama. Duk abu ɗaya ne nake ta faɗa miki tun ɗazu.

Baban Yasmin:
Ni fa ban ga amfanin wannan wahalar ba. Hajiya, maigidanki ya faɗa miki gaskiya. Ku tuna abin da ya faru a Shikago ta Amurka a tsananin sanyin Janairun 2024, motoci masu lantarki suka yi layi a wuraren caji, wasu suka mutu a kan layin sai janye su aka yi. Ki sayar tun tana da daraja. Ni matata ta so ta ja ni cikin wannan, na ce a'a, har yau tana min mita.

Uwar Gida:
Malam, ba ta tambayi ko ta sayar ba. Kuma ba a zo nan don a tayar mata da maganar gidanta ba.

Injiniya:
Abin Shikago shi ne dai abin da nake faɗa, mutane sun je caja da batir mai sanyi kuma saura kaɗan. A Norwe kusan kashi 89 na sababbin motocin da aka sayar a 2024 masu lantarki ne zalla, kuma ba su fi kowa rana ba. Wani abu kuma Hajiya, kada ki ƙara barinta ta kwana a waje da kashi 6. Ki bar mata aƙalla 20, don ɗumama batirin ma wuta yake ci, kuma wasu motocin ba sa fara ɗumamawar in cajin ya yi ƙasa sosai.

Direban Dare:
Babu soket a wurin aikinki? Ko na hankali ne, awa takwas ai ba kaɗan ba ne.

Maman Biyu:
Akwai caja biyu a wurin aiki, amma kafin in iso an riga an kama, kuma masu su ba sa matsawa sai an tashi. Ni sabuwa ce a wurin, ba na son in fara da rigima. Malam Baban Yasmin, ba zan sayar ba, na riga na yanke. Malam Injiniya, na ji duk bayaninka kuma na gode, amma kamar ba ka fahimci yanayina ba. Asubar nan ita ce dai. Abin da nake nema shi ne yadda zan ɗumama batirin kafin in isa cajar da safe. Na gwada kunna hita ta manhajar waya minti ashirin kafin in fito, cikin motar ya yi ɗumi amma cajin bai canja ba, sai ma kashi 4 da na rasa.

Injiniya:
Don cikin motar kika ɗumama, ba batirin ba. A wasu motocin abu biyu ne daban. Ki faɗi samfurin motar da shekararta in gaya miki ko tana da tsarin ɗumama batir. In dai asubar ce dole, ki nemi caja da ke kusa da wurin aikinki maimakon ta kusa da gida, ki yi tafiyar tukuna.

Maman Biyu:
Ta kusa da wurin aikin ta wani kamfani ce daban, ba ni da katinsu, kuma an ce tana yawan lalacewa. In na je da kashi 10 na tarar ba ta aiki fa? Zan duba takardun motar in na koma gida, suna wurin babansu.

Ɗan Autan Zaure:
Anti ki dai gwada bargon.

Uwar Gida:
Ni ma ina da tambaya tunda ana maganar. Tawa in ta kwana a waje murfin wurin caji yana daskarewa ya ƙi buɗewa, jiya sai da na yi ta bugunsa da hannu. Akwai wanda ya san abin da ake shafa masa?