Me ya kayar da rigar TALOS ta dakarun Amurka na musamman, kuɗi ko fasaha?

Sadauki_77:
Assalamu alaikum masana. A 2013 Admiral William McRaven, shugaban rundunar dakarun Amurka na musamman a lokacin, ya ƙaddamar da shirin TALOS: firam mai inji da soja zai sa a jiki, ya ɗauke masa nauyin sulke daga kai har ƙafa, don kare mutum na farko da ke kutsawa ta ƙofa. An sa 2018 a matsayin shekarar da za a ga samfuri mai aiki, an yi ta ambaton dala miliyan 80. A farkon 2019 rundunar ta ce ba za a samu rigar yadda aka tsara ba. Shin kuɗin ne ya yi kaɗan, ko akwai abin da kuɗi ba ya saya a nan? Kuma me ya hana a lulluɓe jiki duka da farantin da ke tare harsashi?

Injiniya Ɗanlami:
Wa alaikumus salam Malam Sadauki. Fara da wuta, don nan gizo ke saƙar.

Ɗauki alƙalami. A ce firam ɗin yana cin kilowat 1 kacal, kuma aikin na awa 12 ne. Batirin litiyam mai kyau yana riƙe abin da zai ba da wat 200 zuwa 250 na awa guda a kowane kilo. Kana buƙatar batir mai kilo 48 zuwa 60 ke nan, tun ba a ɗora sulke ko bindiga ko ruwan sha ba. Wannan batirin kuma firam ɗin ne zai ɗauke shi, sai ya buƙaci injuna masu ƙarfi da ƙarfe mai kauri, su kuma su ƙara cin wuta. Kana ƙara batir, nauyi na cinye abin da ka ƙara.

Man jirgi ko dizal na ɗauke da kusan wat 12,000 na awa guda a kilo. Ko da ƙaramin inji ya fitar da kashi 15 cikin 100 kawai, ya ninka batir sau bakwai ko fiye. Shi ya sa aka yi tunanin goya wa soja ƙaramin janareto. To amma mutumin da aikinsa shi ne ya isa bakin ƙofa cikin dare ba a ji shi ba, ina shi ina inji mai ƙara da hayaƙi, wanda zafinsa ke haskawa a na'urar hangen dare mai gano zafi?

Matsalar tsohuwa ce. Firam mai suna Hardiman da kamfanin General Electric ya fara a 1965 nauyinsa ya kai kilo 680, kuma ba a taɓa kunna shi gaba ɗaya da mutum a ciki ba saboda fizgar da yake yi. Firam ɗin XOS 2 na kamfanonin Raytheon da Sarcos a 2010 ya burge 'yan kallo, amma da igiyar wuta yake aiki, a ɗaure.

Malama Hadiza:
Gaskiyar Injiniya ne, sai dai ko yau aka ba ku batir marar nauyi, da sauran rina a kaba, domin jikin ɗan Adam bai yarda da firam ba.

Ku dubi gwiwa. Ba kamar hinjin ƙofa take ba. In ta lanƙwashe, ƙashin cinya yana mirginawa yana kuma zamewa a kan ƙashin ƙwauri, cibiyar juyawar tana matsawa. Mahaɗin firam kuwa a wuri ɗaya yake juyawa. In suka saɓa da santimita ɗaya ko biyu, maɗaurin cinya zai riƙa gogar fata sama da ƙasa a kowane taku. Bayan 'yan kilomita sai bororo, sai ciwon gwiwa. Ƙugu ya fi wuya, yana motsi ta fuska uku, kuma cibiyarsa a cikin jiki take, ba inda za a kafa ƙarfe.

Sai jinkiri. Na'urorin da ke cikin takalmi da cinya sai sun ji motsi, kwamfuta ta lissafa, sannan inji ya tura. In turin ya makara ko ya riga ƙafa, tsoka sai ta yi kokawa da inji. A kan tafiya miƙaƙƙiya ana iya hasashen taku na gaba. Soja kuwa yana durƙusawa, ya yi rub da ciki, ya juya ba shiri, ya haura katanga. Nan hasashe ke rushewa.

Akwai kuma ƙa'idar da masu nazarin tafiya suka daɗe da sani: kilo ɗaya a ƙafa yana gajiyarwa kamar kilo huɗu ko biyar a baya, domin kowane taku sai an ɗaga shi, an wurga shi gaba, an tsayar da shi. Firam ɗin HULC na kamfanin Lockheed Martin nauyinsa kilo 24 ne ban da batir, an ƙera shi ya ɗauki kilo 90. Da aka gwada shi a cibiyar sojin ƙasa ta Natick, sai aka ga masu sanye da shi suna ƙona ƙarfi fiye da da. Ya sauke nauyi daga kafaɗa, ya ƙara wa zuciya da huhu aiki.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne wanda ya yi nasara ƙarami ne. Rukunin Conor Walsh na jami'ar Harvard, ƙarƙashin shirin Warrior Web na DARPA, hukumar binciken fasaha ta ma'aikatar tsaron Amurka, sun bar ƙarfe suka koma yadi da wayoyi masu jan cinya. A 2019 sun nuna riga mai kilo 5 da ta rage ƙarfin da ake kashewa da kusan kashi 9 cikin 100 a tafiya, kashi 4 a gudu. Wannan ci gaba ne na gaske, amma irin wannan riga ba ta sauke nauyi zuwa ƙasa, don haka ba za ta ɗauki sulke ba.

Bature Maƙera:
Zan amsa tambaya ta biyu. Farantin ESAPI da sojan Amurka ke sawa gaba da baya hawa biyu ne. Fuskarsa tangaran ne mai tsananin tauri, yawanci boron kabaid, bayansa kuma matsattsun zaruruwa masu ƙarfi irin na Spectra ko Dyneema. Harsashi ya bugi tangaran, bakinsa ya dakushe ya farfashe, tangaran ma ya tsage, zaren baya ya cafke ɓaraguzan.

Matsakaicin faranti faɗinsa kusan santimita 24, tsawo 32, nauyi kilo 2.5. Kusan kilo 33 ke nan a kowace murabba'in mita. Fatar babban mutum ta kusa murabba'in mita biyu. Ka lulluɓe ta duka, ka haura kilo 60, kuma har yanzu hammata da wuya da matsematsi da bayan gwiwa a buɗe suke, tunda tangaran ba ya lanƙwasa. Ƙarfe ba mafita ba ne: ya ninka boron kabaid nauyi sau uku, kuma harsashin da ya fashe a kansa yana watsa ɓurɓushi zuwa haɓa da cinya.

Tare harsashi ma rabin aiki ne. A gwajin NIJ, hukumar Amurka mai tsara ma'aunin ingancin sulke, ana ɗora sulken a kan yumɓu a harba, sannan a auna ramin da ya lotsa. In ya wuce milimita 44, ya faɗi. Ƙirji yana da haƙarƙari da tsoka da za su sha wannan dukan. Ƙwauri da gwiwar hannu ba su da wannan tazara, ƙashi na nan dab da fata.

Kada a manta da zafi. Soja mai kaya yana fitar da zafin wat ɗari uku zuwa huɗu, kuma gumi ne ke kwashe shi. In ka rufe fata, sai ka sa masa rigar ciki mai siraran bututun ruwan sanyi da famfo, su ma daga batirin Injiniya za su sha.

Sadauki_77:
Allah ya ƙara basira. To sulken ruwa da aka yi ta yayatawa fa, wanda ake cewa yana daskarewa in an buge shi?

Bature Maƙera:
Iri biyu ne, Malam. Na farko aikin Norman Wagner na jami'ar Delaware da Eric Wetzel na ɗakin binciken sojin ƙasa ne: ƙananan ƙwayoyin silika a cikin wani ruwa mai kauri, a jiƙa yadin sulke na Kevlar da shi. Kamar kullun sitaci yake, in ka sa yatsa a hankali ya nutse, in ka doka ya ƙi. Yana hana zaruruwa buɗewa, shi ya sa ya yi kyau a kan wuƙa da tsinke. Na biyu ruwa ne mai garin ƙarfe da maganaɗisu ke taurarawa, wanda aka yi nazarinsa a jami'ar MIT ta Amurka, shi kuma yana da nauyi kuma sai da wuta. Babu ɗayansu da ke farfasa harsashin bindigar yaƙi mai gudun mita 800 da ɗoriya a daƙiƙa. Wannan aikin tangaran ne.

Ga mai riƙe da faranti kuwa, abin lura kaɗan ne amma ana sakaci da shi. Tangaran da ya faɗi a kan siminti yana iya tsagewa a ciki alhali rufinsa lafiya lau, hoton eksire ne ke nunawa. Kafin a kai ga haka, a matsa gefunansa a saurara, in ana jin ƙas-ƙas ko ya yi laushi a wani gefe a cire shi daga aiki. Zaren baya kuma roba ce, tana narkewa wajen digiri 140 kuma tana fara rauni tun kafin nan, don haka ba a jingina faranti da injin mota ko salansa.