Tundra mai inji 5.7: lita ɗaya kilomita nawa take kai ta?

Baban Safiyya:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawara kan motar da nake son saya, Toyota Tundra ƙirar 2014, inji 5.7, ƙofa huɗu, mai ja da ƙafa huɗu, tokumbo daga Amurka. Aikinta zirga-zirgar cikin Kano ne, kai taki gona, sai Abuja lokaci-lokaci. Dillali ya ce lita ɗaya tana kai ta kilomita 10, wani kuma ya ce ko 4 da ƙyar take yi. Allon gabanta yana nuna 14.6 MPG, kuma an ɗora mata manyan tayoyi masu inci 35. Wane zance ne gaskiya? In ta fi ƙarfin ƙima wajen shan mai, me ake fara dubawa?

Injiniya Sabo:

Wa'alaikumus salam Alhaji. Zancen kilomita 10 ka ajiye shi gefe, ko ranar da ta fito daga kamfani ba ta yi haka ba. Hukumar EPA ta Amurka, wadda ke auna shan man motoci, ta ba wa wannan samfurin mil 13 a galan cikin gari, 17 a babbar hanya, 15 idan an haɗa. Galan ɗin Amurka lita 3.785 ne, mil kuma kilomita 1.609, don haka duk lambar MPG, wato mil a galan, da ka gani ka ninka ta da 0.425, za ta ba ka kilomita a lita. Kenan 5.5 a gari, 7.2 a hanya, 6.4 a haɗe. Ita 14.6 ɗin da allon ke nunawa 6.2 ce.

Kada ka riƙe lambar allon nan da ƙarfi. Matsakaici ne tun daga ranar da aka yi mata sifili, kuma mai yiwuwa tun a titunan Amurka aka tara ta. Sannan irin wannan lissafin na kwamfutar mota yakan ɗan yi wa mai mota daɗin baki.

Awon EPA a ɗakin gwaji ake yin sa, motar tana kan nadi, babu rami, babu lodi. Gwajinsu na AC a zafin digiri 35 ake yi, Kano kuwa a watan Afrilu tana haura 40. Saboda haka abin da za ka sa rai da shi a lafiyayyar mota mai tayoyinta na asali shi ne 4.5 zuwa 5.5 a cikin gari, 6.5 zuwa 7.5 a doguwar hanya idan ba ka wuce gudun 100 zuwa 110 ba.

Wanda ya ce maka 4 ma bai yi ƙarya ba, ga inda take fitowa. Injin nan idan yana silo da AC a kunne yakan sha lita 2 zuwa 3 a awa, motar ba ta matsa ko taku ɗaya ba. A ce ka yi kilomita 30 a rana da lita 5, wato 6 a lita. Ƙara awa ɗaya ta tsayuwa, gosulon Kantin Kwari ne ko jiran yara a ƙofar makaranta, ka ƙara lita 2.5. Yanzu kilomita 30 ɗin nan lita 7.5 suka ci, ka koma 4 a lita, alhali babu abin da ya lalace a motar. Mutane da yawa kan kai mota gareji a kwance mata rabin inji a kan matsalar da agogo ne kawai zai nuna ta.

Yadda za ka auna da kanka kafin ka biya kuɗi: ka cika tanki har famfo ya katse da kansa karon farko, kada a ƙara ɗura wa. Ka mayar da awon tafiya sifili. Ka yi tafiyarka ta yau da kullum har ka ci rabin tanki ko fiye, ka dawo gidan mai ɗaya, famfo ɗaya, ka sake cikawa haka nan. Ka raba kilomitar da litar da ta shiga. Abu biyu ke ɓata wa mutane wannan lissafin. Na farko, motar Amurka da mil take ƙirga. Na biyu, tayoyinka. Na asali, 275/65R18, tsayinsu kusan inci 32 ne. Masu 35 suna cin ƙasa fiye da su da kashi 8 zuwa 9 cikin ɗari a kowane juyi, amma motar ba ta sani ba. Misali, awo ya nuna 200, lita 62 ta shiga. Wanda ya manta da mil zai ce 3.2, hankalinsa ya tashi. Wanda ya ninka da 1.609 zai samu kilomita 322, wato 5.2. Wanda ya ƙara ninkawa da 1.08 saboda taya zai samu 348, wato 5.6, kuma shi ne ya dace. Ka gwada awon da taswirar waya a tafiya ɗaya don ka san ainihin bambancin tayoyinka.

Tankinta lita 100 ne. Tanki mai lita 144 sai daga 2016 ya fara zuwa a wasu samfuran. Kano zuwa Abuja kusan kilomita 430, ka ƙiyasta lita 60 zuwa 70 a zuwa kaɗai. Tanki ɗaya ba zai kai ka ya dawo da kai ba.

Oga Ɗanlami Ƙofar Ruwa:

Injiniya ya gama da lissafi. Ni ta ɓangaren gareji zan zo, domin yawancin Tundra da ake kuka da shan mansu, hannu ne ya taɓa su.

Abu na farko, a duba ko tamostat, wato abin da ke tare ruwan inji har sai ya yi zafi, yana nan. Al'ada ce a wajenmu mota ta sauka a cire shi, wai ƙasarmu da zafi. Na wannan injin yana buɗewa a digiri 82, injin kuma yana son aiki tsakanin 85 da 95. Idan babu shi, a hanya da daddare ko lokacin hunturu ruwan sai ya tsaya a 60 zuwa 70, kwamfuta ta ɗauka injin bai gama ɗumi ba, ta ci gaba da ƙara mai. Allurar allo ba za ta gaya maka gaskiya ba, sai an sa sikana, wato na'urar karanta kwamfutar mota, an karanta zafin da lamba. Idan motar na zafi da tamostat a ciki, laifin yana wani wuri: lagireto ya toshe, ko famfon ruwa yana yoyo. Ka leƙa gaban injin, idan ka ga busasshen gari mai launin hoda ya taru a ƙasan famfon, to shi ne. Fankarta kuma ba ta lantarki ba ce, tana da kulocin mai a tsakiya. Wasu kan ɗaure shi da noti ya zama kullum a kame. Za ka ji motar tana huci duk sanda ka taka totur, kuma ƙarfin da fankar ke ci daga tankinka yake fitowa.

Na biyu, indomin salansa, wato abin tace hayaƙi da ke cikinta. Sau da yawa tun kafin mota ta iso an sare shi an sayar. Cire shi ba ya rage shan mai ko kaɗan. Abin da yake jawowa shi ne fitilar inji ta zauna a kunne da lambar P0420 ko P0430, mai mota ya saba da ita, ranar da wata matsala ta gaske ta zo ba zai sani ba. Sensa huɗu ne a salansar, biyu kafin indomi, biyu bayansa. Na gaban su ne ke tsara haɗin iska da mai, kuma ba irin na baya ba ne. Wanda ya sa na baya a gaba, ko ya haɗa na wata mota da waya, ya ɓata komai.

Da sikana a hannu ka karanta abin da ake rubutawa LTFT, gefen inji na ɗaya da na biyu. Yana nuna kashi nawa kwamfuta ke ƙara wa mai ko ragewa don gyara haɗi. Daga -5 zuwa +5 lafiya lau. Ya haura +10 akwai magana. Idan yana sama a silo amma ya sauko da ka ɗaga inji zuwa 2,500, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya, a bi robobin da ke bayan sensar iska a nemo wadda ta tsage. Idan a silo daidai yake amma yana hawa da ka ɗaga, sensar iska, wadda ke auna iskar da inji ke zuƙa, ta yi datti ko famfon mai ya yi rauni. Sensar iskar, noti biyu ne ka zare ta, ka fesa mata maganin da aka yi dominta, ka bar ta ta bushe. Kada a fesa na kafireto, kada a taɓa siririyar wayar ciki. Filtar iska kuwa a lokacin hazo ka riƙa duba ta duk wata, kuma busa ta da iskar mai faci yana yaga takardar, ƙura ta wuce kai tsaye.

Baƙin mai 0W-20 aka rubuta mata, kusan lita 8. Zuba mata 20W-50 yana ƙara wa injin nauyi, yana kuma jinkirta aikin na'urar da ke juya lokacin bawul. Fulogi takwas ne, na iridiyam, asalin na Denso yana kai mil 120,000, sai dai jabu sun cika kasuwa, a kula.

Sai wata cuta da aka san wannan samfurin da ita: famfon da ke hura iska cikin salansa da sassafe. Ruwa yana shiga cikinsa, bawul ɗinsa ya maƙale, lambobi irin su P2440 ko P2442 su fito, motar ta ƙi ja. Kafin ka saya, ka tayar da ita da sanyin safiya a gabanka.

Na ƙarshe ba ya buƙatar sikana. Bayan tafiyar minti 20 ka kusantar da hannu ga kowane wili. Wanda ya fi sauran zafi sosai, birkinsa yana riƙewa.

Direban Dogon Zango:

Oga Ɗanlami, duk da haka ni a ganina ƙafar direba ta fi duk waɗannan tasiri a babbar hanya. Gaban motar nan faffaɗa ne, dogo, kamar mutum ya ɗauki ƙyauren ƙofa yana gudu da shi cikin iska. Daga gudun 100 zuwa 120 turjiyar iska tana ƙaruwa da kashi 44 cikin ɗari, a 140 kuwa ta kusa ninki biyu. Motar da ke ba da 7 a gudun 100 za ta sauko wajen 5.5 a 130 zuwa 140, kuma injin yana da dawaki 381, ba za ka ma ji ta wahala ba, shi ya sa ake yaudaruwa.

Alhaji, tayoyin nan masu 35 su ne babban abin da zan canza. Gyaran lissafin da Injiniya ya nuna bai goge asararsu ba. Sun fi nauyi, sun fi faɗi, kuma da ƙyar a sa su ba a ɗaga motar ba, iska ta ƙara samun inda za ta kama. A giya ta shida da gudun 100 injin yana juya kusan 1,700 da tayoyin asali. Da manya yana sauka ƙasa da 1,600, sai ya rasa ƙarfi a ɗan hawa, giya ta riƙa komawa ta biyar tana dawowa. Rabin kilomita zuwa ɗaya a kowace lita yana tafiya a nan. Iskar taya kuma ka bi takardar da ke jikin ƙofar direba, a auna da safe kafin taya ta yi zafi.

A kan kwalta ka bar ta a 2H, wato ja da ƙafa biyu. Maɓallin TOW/HAUL na jan tirela ne, yana hana giya hawa da wuri, idan aka manta shi a kunne mai kawai yake ci. Sauke ƙofar bodi ta baya don a rage iska ba ya amfani, rufe ta ya fi. Su maganaɗisun da ake liƙawa a bututun mai da ƙwayoyin da ake jefawa tanki, ɓarnar kuɗi ce.

Maganar taki: girman motar kada ya ruɗe ka. Mai ƙofa huɗu da ja huɗu, lodinta gaba ɗaya wajen kilo 650 zuwa 700 ne, har da mutanen ciki. Buhu 10 masu kilo 50 da mutum biyu, ta cika. Ainihin ƙarfinta a ja yake, kuma da tirela mai nauyi ka sa rai da 3.5 zuwa 4 a lita.

Baban Safiyya:

Allah ya saka da alheri. To Ford F-150 mai injin EcoBoost fa, an ce ta fi sauƙi? Ko in sa wa Tundrar gas?

Injiniya Sabo:

A takarda ta fi. F-150 daga 2015 jikinta alminiyam ne, ta rage nauyi kusan kilo 300, kuma mai inji 2.7 da ja biyu EPA ta ba ta mil 19 a gari, 26 a hanya, wato 8.1 da 11. Amma wannan ribar tana nan ne muddin turbo, wato abin da ke tura wa inji ƙarin iska don ƙarin ƙarfi, bai shiga aiki sosai ba. Da ka ɗora lodi ko ka danne totur, shan nata yana matsowa kusa da na V8. Tana kuma son mai mai kyau da baƙin mai a kan lokaci, man bumburutu ba nata ba ne. Silverado 5.3 da Ram 5.7 suna kashe silinda huɗu a tafiyar da ba nauyi, shi ya sa suke kai mil 21 zuwa 23 a hanya, sai dai ka tabbata akwai mai gyaran wannan tsarin da kayansa a kusa da kai. Ita Tundra ba ta da ko ɗaya daga cikin dabarun nan, shi ne dalilin shan manta, shi ne kuma dalilin da bakanike ba ya shan wahalarta.

Gas yana yiwuwa, domin nozul ɗin Tundra a bakin bawul suke fesa mai, irin injin da ya fi sauƙin juyawa kenan. EcoBoost na farko da ke fesawa cikin silinda ya fi wuya. Amma sai kayan silinda takwas, tukunyar kuma za ta ci wani ɓangare na bodi da na kilo 700 ɗin nan, ƙarfi zai ɗan ragu, sannan ka fara duba inda za ka riƙa cikawa a hanyar gonarka.

Tunda an cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ka yi wannan lissafin kafin ka yanke shawara. Kilomita 1,500 a wata a kan 5.5 lita 273 ce. Hilux mai fetur 2.7 a kan 8.5 za ta sha 176. Bambancin lita 97 ne, idan an ƙaddara lita a ₦1,000 don sauƙin lissafi, ₦97,000 kenan duk wata. Idan akwai tirelar da za ka riƙa ja, kuɗin ya biya kansa. Idan buhu 10 ne kawai da cikin gari, Hilux za ta ɗauke su.