Ci-rani a Badagiri: wace sana'a zan kama?

Ɗan Rigasa: Salamu alaikum. Na gama girbin masara, kawuna ya ce in je Badagiri, garin bakin teku a jihar Legas, in zauna wurinsa daga Disamba zuwa faɗuwar damina. Ba na son in zame masa kaya. Na iya acaba da gashin tsire, amma ban iya iyo ba, kogin Kaduna ma daga kan gada nake gaishe shi. Ina mafita?

Tsohon direba, Kawo: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka ajiye maganar acaba tukuna. Tun 2022 gwamnatin Legas ta hana shi a Ikeja, Apapa, Surulere da wasu wuraren, kama mashin ake yi. Iskar teku kuma gishiri gare ta, tsatsa take sa wa ƙarfe. Riƙe tsirenka. Disamba masu yawon shaƙatawa ke cika bakin ruwa, da yamma ciniki sai ka gaji. Yajin ƙuli dai ka tafi da shi daga nan.

'Yar Tudun Wada: Ƙanena dakon kwakwa ya yi a kasuwar Agbalata ta can Badagiri, kullum a biya shi a hannu. Kana sauka ka sa kawu ya kai ka gaida Sarkin Hausawa.

Ɗan Rigasa: Na gode, Baba. Hajiya, mudu nawa na yaji zai kai ni Afrilu?