Mun tara kuɗin lakwal na marayun layinmu, amma biyu sun bar aji

Ɗan Karkada:
Assalamu alaikum ƴan uwa, shawara nake nema. Mu goma sha ɗaya ne a fadarmu, nan unguwar Karkada a Damagaram. Bara da maƙwabcinmu mai tura kurar ruwa ya rasu ya bar ɗiya huɗu, muka ce a rage shayi, kowa ya riƙa ajiye dala 50 ranar Juma'a. Abokanmu na Agadas da Libiya suka ji, suka turo nasu ta kamfanin aika kuɗi na Nita. Kafin Oktoba mun haɗa jaka 96, muka lissafa marayu bakwai a layin. Muka shiga kasuwar Dole muka sayo kaye, bik, allo da takalman roba. Abin da ya saura muka danƙa wa masu riƙonsu.

Cikin Janairu na haɗu da ƙaramar ɗiyar marigayin, wadda ke CE2 (aji huɗu na firamare), a bakin tasha da farantin gyaɗa a ka, ƙarfe goma na safe. Tana ganina ta sunkuyar da kai. Wallahi na rasa abin faɗi, sai na sayi gyaɗar dala 20 na wuce. Wanta kuma an kai shi wajen mai gyaran babur. Yanzu na Libiya sun ce ba su ƙara ko dala sai sun ga hotunan yaran. Ina muka kuskure? Hoton kuma, a yi ko a bari?

Mushe mai ritaya, Birni:
Ɗana, Allah ya saka muku. Shekara 27 na riƙe alli, kuma ban cika ganin yaron da rashin kaye kaɗai ya fitar daga aji ba. Firamaren gwamnati ba a biyan kuɗin shiga. Abin da ke fid da yarinya shi ne ribar tallar da gidan ke rasawa duk ranar da ta zauna a benci. Kun saya mata bik, to wa ya aza tukunyar rana?

Ku je wurin darakta da COGES, wato kwamitin kula da tafiyar da lakwal ɗin, ku ba su sunayen bakwai ɗin, ɗayanku ya riƙa leƙawa duk ƙarshen mako ya duba rajistar kiran suna. Fashin kwana uku ana iya gyara shi, na wata uku da wuya. Sannan ku bincika takardar haihuwa tun yanzu. Marayu da yawa ba su da ita, sai an zo rubuta sunan jarrabawa hankali ya tashi, a fara zaryar kotu.

Hajiya ta Garin Malam:
Yaro, kuɗin hannu da hannu ɗin nan ne ya ɓata muku aiki. Kada ka zargi uwar, yunwa ba ta jiran hutun lakwal. Mu a ƙungiyarmu tsarin Mata Masu Dubara muke bi, wanda CARE ta fara a nan Nijar a 1991: akwati mai kwaɗo uku, makullai a hannun mata uku, ba a buɗewa sai gaban kowa. Ku yi irinsa a fadarku, ku da littafi. Uwar kuma ku ba ta jari ta riƙa matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, bisa sharaɗin talla sai an tashi aji ko Asabar da Lahadi. Hoto kam a'a. Yarinyar nan za ta girma, za a zo neman aurenta, hotonta na yawo a WhatsApp ana cewa a taimaka.

Na Sabha, Libiya:
Hajiya, da girmanki, amma mu ma mu ji da namu. Guminmu ne, kuma an sha cinye mana kuɗi da sunan marayu. Ba fuska nake so ba, shaida nake so.

Hajiya ta Garin Malam:
To ai an gama, ɗana. A turo muku hoton rasit da takardar sakamakon kowane zango, a rufe sunan da yatsa.

Malam na Zango:
Ƙari kaɗan. Maraici shi kaɗai ba ya cikin kaso takwas na zakka da ke aya ta 60 a Suratut Tauba, amma maraya matalauci yana shiga ta ƙofar fakirai da miskinai. Komawa lakwal kuwa tana haɗuwa da kaka. Ku zagaya manoman unguwa, wanda ba zai iya ba da jaka ba zai iya ba da tiya biyu ta gero.

Ɗan Karkada:
Na gode ƙwarai. Na karanta wa ƴan fada daren jiya, biyu sun ɗauki zuwa wurin darakta ranar Litinin. Gidan marigayin ba mu shiga, sai dai in roƙi gwaggona ta je ta zauna da uwar. Hajiya, jarin man gyaɗar nan, da jaka nawa kuke fara wa mace?