Neman shawara: matakalar shagona a Aboabo tana hana masu keken guragu shiga

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa na wannan zaure. Ina da shagon sayar da magani a Aboabo, cikin Kumasi, kuma haya nake yi. Ƙofar shagon tana da matakala uku, a gabanta kuma akwai lambatu da aka rufe da katako. Akwai wani dattijo mai keken guragu da yake sayen maganin hawan jini a wurina duk wata, amma sai ya tsaya a bakin titi cikin rana ya aiko yaro, ko kuma ni in fita in yi masa bayanin maganinsa jama'a suna saurare. Abin yana damuna ƙwarai. Na roƙi mai gidan a yi gangara, ya ce ba zai yarda a taɓa masa gini ba. Shin doka ta yi magana a kan wannan, kuma nauyin yana kan wa, ni ko shi?

Amsar wani malamin makaranta daga Asawase:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Doka ta yi magana ƙarara. Dokar naƙasassu ta Ghana, wato doka mai lamba 715 ta shekarar 2006, ta faɗa a sashe na 6 cewa mamallakin wurin da jama'a ke shiga, ko wanda yake zaune a cikinsa, wajibi ne ya tanadi abin da zai ba naƙasasshe damar shiga ya amfana da wurin. Ke nan nauyin ya hau kanku ku biyu, kuma babu wanda zai fake da ɗan'uwansa. An ba tsofaffin gine-gine wa'adin shekara goma su gyara, wa'adin kuma ya cika tun 2016. Sashe na 8 ya tanadi tara, ko ɗaurin da bai wuce wata uku ba, ko duka biyun. Shawarata ita ce ki rubuta wa mai gidan takarda cikin ladabi, ki ambaci wannan sashe, ki kuma riƙe kwafi a hannunki.

Amsar wani ɗan kasuwa:
Hajiya, ni dai ban taɓa ganin an kama wani a kan wannan doka ba, kuma ofisoshin gwamnati da yawa su kansu matakala ce a ƙofarsu. Ki yi hattara kada ki ɓata da mai gida saboda mutum ɗaya, domin idan kuɗin hayar da kika biya gaba ya ƙare, samun wani shago a bakin titi ba ƙaramin aiki ba ne.

Amsar wata 'yar'uwa mai amfani da keken guragu:
Alhaji, gaskiya ne ba a tsaurara wajen aiwatar da dokar ba, amma maganar mutum ɗaya ce ban yarda da ita ba. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa kusan kashi 8 cikin 100 na mutanen Ghana masu shekara biyar zuwa sama suna fama da wata nakasa ko wahalar gani, ji ko tafiya. Ba ku ganinmu a shagunanku ne saboda mun riga mun san inda ba za mu iya shiga ba, sai mu wuce. Ga kuma tsofaffi masu ciwon gwiwa da mata masu juna biyu, waɗanda su ne suka fi zuwa shagon magani.

Hajiya, roƙona shi ne idan za ki yi, ki yi mai amfani. Na sha zuwa wuraren da aka zuba siminti a tsaye kamar bango aka ce gangara ce, idan na hau sai ƙafafun gaba na keken su ɗaga, in ji kamar zan kifa ta baya, dole in jira wani ya turo ni. Wasu kuma sukan shimfiɗa tayil mai santsi, da damina ta zo sai wurin ya fi matakalar haɗari. Bayan an gama, kada a bari masu babur su mayar da bakin gangarar wurin ajiye abin hawansu. A cikin shagon ma ki rage tsayin kanta ta gefe ɗaya, domin wanda yake zaune ya ga fuskarki, ya ƙirga kuɗinsa da hannunsa. Kafin magini ya fara, ki kira dattijon nan ya nuna muku ta inda ya fi masa sauƙin juyawa.

Amsar wani magini:
Yaya ta faɗi gaskiya. Ma'aunin da muke bi shi ne, duk tsayin santimita 1 yana buƙatar tsawon santimita 12. Idan matakalarki uku sun kai santimita 45, gangarar za ta ci mita 5 da santimita 40, kuma na tabbata ba ki da wannan fili tsakanin ƙofa da lambatu. Mafita ita ce a kwantar da ita a jikin bango, ta bi gefen ginin, a bar shimfiɗaɗɗen wuri kamar mita ɗaya da rabi a bakin ƙofa inda keke zai juya. A sa ƙarfen riƙewa hagu da dama, a karce fuskar simintin tun yana ɗanye, faɗin ƙofa kuma ya kai kimanin santimita 90. Katakon lambatun nan a cire shi a sa murfin kankare. Hukumar kula da ingancin kaya ta Ghana ta fitar da ma'aunin irin wannan gini a 2016, mai lamba GS 1119. Tun da aikin zai taɓa lambatu, ki fara zuwa sashen ayyuka na majalisar Asokore Mampong, domin Aboabo a ƙarƙashinta take, kada a gama a zo a shafa miki jan fenti, alamar an yi gini ba da izini ba.

Amsar wata Hajiya mai gidajen haya:
'Yata, ni ma mai gida ce, kuma na san abin da mai gidanki yake tsoro: kada a fasa masa gini, a kuma bar shi da kashe kuɗi. Kada ki fara masa da maganar tara. Ki je da limami ko wani dattijon unguwa da yake jin nauyinsa, ki tafi da zanen magini, ki nuna masa cewa matakalarsa tana nan, gangarar ta gefe za ta bi, kuma idan kin tashi shi za ta zama wa riba. Ki ba shi zaɓi, ko ku raba kuɗin, ko ki biya a riƙa cirewa daga haya, kuma duk abin da kuka amince a rubuta a sa hannu gaban shaidu. Idan ya ƙi duk da haka, maƙeri zai iya haɗa miki gangarar ƙarfe wadda ake ɗaukewa, sannan ki kai kuka ofishin jin daɗin jama'a na majalisar, ko hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta CHRAJ, wadda take karɓar ƙorafi ba tare da an biya ko sisi ba.